Idan wayar gida tana yanke maka magana a Ingila

Wanda ya taso daga Bauchi ko Gombe ya kama haya a Ingila zai tarar wayar tebur ta yanzu ba ta bin tsohon layin bango. Ana rufe wancan tsarin, wa'adinsa Janairun 2027. Yanzu a bayan rauta ake jona wayar, wato akwatin intanet na gidan. A rautar kamfanin waya na BT ramin kore ne. Muryarka kan intanet take hawa, duk abin da ya taɓa shi ya taɓa ta.

Da farko gano gefen da ciwon yake. Kira wani a garin da kake, ku yi minti 20. In layi bai motsa ba, amma da ka kira Hajiya a Azare ko Kumo sai ya katse, to sabis ɗin can ne. Ka roƙe ta ta fito tsakar gida, ka bar rautarka ta huta.

In kuwa kiran cikin gari ma yankewa yake, sai ka sa ido kan agogo, domin lokacin yankewar shi ke tona asirin matsalar. Wanda kullum ke mutuwa a daƙiƙa 30 zuwa 32, ko gaisuwa ba a gama ba, galibi aikin wani saiti ne a rauta mai suna SIP ALG. An yi shi don taimako, amma yakan dagula saƙon da ke tabbatar da cewa an ɗauki waya; ɗaya ɓangaren ya jira bai ji ba, sai ya ajiye. Adireshin shiga rautar da kalmar sirri suna kan takardar da ke manne a jikinta, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Shiga ka kashe saitin, zare wuta na minti ɗaya, ka mayar. In babu shi a ciki, ko kuma kiran na faɗuwa daidai minti 15 ko 30, gyaran na kamfanin wayar ne. Rubuta rana, lokaci da lambar kira uku ka ba su. "Tana yankewa" kawai ba ya kai su ko'ina.

Yankewar da ba ta da ƙa'ida, wadda murya kan fara kakkaryewa tukuna, cunkoso ne. Kira ɗaya bai wuce kilobit 100 a daƙiƙa ba, amma ba ya jure jira. Ana tura bidiyon biki gida ta WhatsApp, sai hanyar fita ta toshe. In rautar na da QoS, wato saitin da ke fifita wani aiki kan wani, ka ba wa wayar fifiko. Kuma kebul ya fi Wi-Fi. Rauta biyu a jere, taka da ta mai gida, ita ma fitina ce.

Waya mara igiya kuwa, a cikin gini da ƙyar take kai mita 50 daga mazauninta. In ta mutu bayan 'yan mintuna, batiranta ne, yawanci AAA biyu masu caji. Kada ka sa mata na tocila.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: in aka ɗauke wuta wayar ta mutu tare da rauta, ko 999, lambar kiran gaggawa, ba za ta kira ba. Wayar hannu ta kwana da caji. In akwai tsoho ko mara lafiya da ya dogara da wayar gidan, ka sanar da kamfanin, dole ne su samar masa hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa ɗaya.