Idan "Hukuma" Ta Kira Ka a Waya: Kurakuran da Ke Ba Ɗan Damfara Dama

Ranar da aka kira goggona ina zaune kusa da ita. Muryar namiji ce, a natse, cike da ladabi: "Ranki ya daɗe, Hajiya, da wance nake magana?" Ya faɗi cikakken sunanta babu kuskure, ya faɗi ranar haihuwarta. Sai ya ce daga wata hukumar gwamnati yake, wai an yi amfani da lambar shaidarta an buɗe asusun da kuɗin haram suka shiga, kuma in ba a warware maganar kafin a tashi daga aiki ba, za a rufe mata asusu. Ina kallo hannunta na rawa tana laluben jaka za ta ciro kati. Na ce, "Goggo, ba ni wayar." Ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ya ce kada in gaya wa kowa, bincike ake yi." Jin haka na karɓe wayar na kashe.

Goggo ba ta cikin mutanen da ake ruɗawa da sauƙi, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Masu wannan sojan gona sana'a suka ɗauke ta, kuma tana kawo musu kuɗi masu kauri. Hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta ce a 2024 kaɗai mutane sun kai rahoton asarar dala miliyan 789 a hannun masu shigar burtu da sunan gwamnati. Wannan lissafin na waɗanda suka buɗe baki suka kai ƙara ne kawai.

Kuskuren da ya fi kama mutane tun kafin su ce "salamu alaikum" shi ne yarda da abin da fuskar waya ta nuna. Yawancin irin wannan kira ta intanet ake yin sa, kuma mai kiran na iya zaɓar lambar da yake so ta bayyana a wayarka, ko da lambar ofishin 'yan sanda ce ko ta masu karɓar haraji. An gina tsarin tarho ne tun lokacin da kamfanoni 'yan kaɗan ke miƙa wa juna kira bisa amana, ba mai tambayar ko lambar gaskiya ce. Amurka ta wajabta wa manyan kamfanonin wayarta fara tantance lambar mai kira daga watan Yunin 2021, amma ɓarakar ba ta toshe duka ba, musamman ga kiran da ke tsallako iyaka. Wasu 'yan damfarar ma da kansu za su ce maka, "Buɗe shafin hukumarmu ka duba lambar da na kira ka da ita." Ka duba, ka ga ta yi daidai, zuciyarka ta kwanta, shi kuma abin da yake nema ke nan. Lambar da ta bayyana a fuskar waya ba ta tabbatar da komai, ko da ka haddace ta.

Na biyu ya yi kama da shi: tunanin cewa tunda ya san sunanka da adireshinka, ai daga hukuma yake. Irin waɗannan bayanai suna yawo. Ana sato su daga rumbunan kamfanoni a sayar, wasu kuma mu da kanmu muke baza su, kamar ranar haihuwa a Facebook ko hoton sabon katin shaida da mutum ya ɗora don murna. Ɗan damfara yana da rabi a hannu, ya kira ne don ka cika masa sauran. Akwai wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba: zai karanto maka lamba da kuskure da gangan, kai kuma ka yi saurin cewa, "A'a, ba haka ba ce, ƙarshenta kaza ne." Ka gyara masa, ka ba shi ke nan. Don haka kada ka tabbatar masa da komai, kada kuma ka gyara masa komai. "E" da "a'a" duk bayani ne a wurinsa.

Amma uwar kurakuran, wadda duk sauran ke ratayawa a jikinta, ita ce ci gaba da riƙe wayar a kunne. Mutane da yawa suna jin zargi tun a minti na farko, sai su ce bari su yi masa tambayoyi su gane gaskiyarsa. Nan ne ake cin su. A watan Oktoban 2016 'yan sandan Indiya suka kai samame wasu cibiyoyin kiran waya a Thane, kusa da Mumbai, suka kama mutum kimanin 70. Ɗaruruwan ma'aikata ne ke zama a wuraren, an koya musu karin harshen Amurkawa, an ba su rubutaccen zance suna karantawa da sunan hukumar harajin Amurka, wato IRS. Ka auna wannan: shi yana maimaita zance ɗaya daga safe zuwa dare, ya ji kowace tambaya da za ka iya yi, yana da amsarta a rubuce. Kai kuwa yau ne karonka na farko, gabanka na faɗuwa, an ce maka saura awa ɗaya. Ba za ka kayar da shi a muhawara ba, kuma duk minti ɗaya da ka ƙara yana ƙara gane abin da ke tsorata ka.

Abin da ke hana mutane kashe waya abu biyu ne, tsoro da kunya. Tsoron kada ya zamana da gaske hukuma ce, da kuma nauyin katse babban mutum yana magana. Game da tsoron, babu ma'aikacin gaskiya da zai kama ka don ka ce za ka sake kira ta lambar ofis. Hukumomi da takarda suke aiki, suna ba da wa'adi da damar ɗaukaka ƙara, ba su yanke hukunci a waya cikin awa ɗaya. Game da kunyar kuma, ka tanadi jimla ɗaya tun yanzu, ka riƙe ta a baki: "Na gode, zan tuntuɓi ofishinku da kaina." Ka faɗa, ka kashe, ba sai ka jira amsarsa ba. In ya fara ɗaga murya yana cewa kada ka kuskura ka ajiye, to ya gama faɗa maka ko shi wane ne.

Wasu sun yi ƙoƙari sun kashe, sai su ɓata rawarsu da tsalle: su danna lambar da ta kira su, ko su buga wadda mutumin ya ba su "don tabbatarwa". Haka nan idan ya ce bari ya haɗa ka da shugabansa ko da ɗan sanda mai binciken, abokinsa ne da ke kujerar kusa. Lambar da za ka kira sai dai ka samo ta da kanka, daga tsohuwar wasiƙar hukumar, ko bayan katin bankinka, ko shafin da ka rubuta adireshinsa da hannunka. Ka yi hattara da lambar da ta fara fitowa in ka yi bincike a intanet, domin macuta kan sayi talla su ɗora ta bogi a sama. A Birtaniya tun 2021 aka ware lamba 159 don wannan kawai: ka kashe kiran da kake zargi, ka buga ta, a haɗa ka da bankinka kai tsaye.

Ganin fuska ma ba hujja ba ne. A Indiya an yi fama da waɗanda ke kira ta bidiyo sanye da kakin 'yan sanda, bayansu an shirya ɗaki kamar ofis, su ce wa mutum an kama shi ta intanet, kada ya kashe kyamara sai ya biya. Akwai waɗanda aka tsare haka a ɗakunansu tsawon kwanaki. Abin ya kai Firaminista Narendra Modi ya fito a jawabinsa na rediyo a Oktoban 2024 yana shaida wa jama'a cewa babu irin wannan kamu a doka.

Sai maganar lambar tabbatarwar nan da ke shigowa ta saƙo. Zai ce, "Yanzu zan turo miki wata lamba, ki karanta mini don in tabbatar ke ce." Ba shi ya turo ba. Yana magana da kai, hannunsa kuma na kan kwamfuta yana ƙoƙarin shiga asusun bankinka ko WhatsApp ɗinka. Tsarin ya nemi shaida, ya aika lambar zuwa wayarka, saura kawai ka karanta masa da bakinka. Mafi yawan saƙonnin nan a jikinsu an rubuta kada a ba kowa, amma mutum a firgice lambar kawai yake gani. Wannan lamba, da lambar sirrin kati, da lambobi ukun da ke bayansa, da kalmar sirri, babu wani jami'i a ko'ina da aikinsa ke bukatar ya ji su. Haka idan aka ce ka sauke wata manhaja don a "duba" wayarka. AnyDesk da TeamViewer kayan aiki ne na halal da masu gyaran kwamfuta ke amfani da su, amma in ka ba baƙo izini ta cikinsu, yana kallon duk abin da kake dannawa.

Hanyar biya kan tona asiri nan take. Gwamnati ba ta karɓar haraji ko tara da katin kyauta na Google Play, ko kuɗin kirifto, ko ta asusun wani mutum. Kuma babu wani "amintaccen asusu" da za a ce ka kwashe kuɗinka ka zuba don a kare su. A 2024 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi kan waɗanda ke sa mutum ya ciro kuɗi ko ya sayi zinari, sannan su aiko ɗan aike har ƙofar gida ya karɓa.

Ba kullum da barazana suke zuwa ba. Wani lokaci albishir ne: an zaɓe ka a tallafi, ko za a mayar maka da rarar haraji, sai dai ka biya ɗan kuɗin rajista. Tallafin da ba ka nema ba, wanda kuma sai ka biya kafin a ba ka, ka bar musu kayansu.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na bayan an riga an faɗa. Mutum ya gane an cuce shi, sai kunya ta rufe masa baki, ya kwana biyu yana juya abin a ransa. A wannan lokacin kuɗin sun bi asusu uku ko huɗu sun ɓace. Sa'o'in farko su ne masu daraja. Ka kira banki nan take a toshe kati da asusu, a gwada tsayar da kuɗin. Ka canza kalmar sirri, ka fara da ta imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran. In ka sauke manhajar da suka ce, ka katse intanet ɗin wayar, ka goge ta, ka canza kalmomin sirrin daga wata na'urar. In layinka ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, ka garzaya wurin kamfanin waya, wataƙila an mayar da lambarka kan wani sim. Kada ka goge saƙonni da lambobin da suka kira, ka ɗauki hotonsu ka kai wa 'yan sanda. Sannan ka sa ran kira na biyu: wani zai bugo ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu. Sau da yawa su ne dai, ko waɗanda suka sayi sunanka a hannunsu. Ku kuma 'yan uwa, in wani ya zo ya faɗa muku an damfare shi, ku ajiye faɗa tukuna. Tsoron "ai na gaya miki" shi ke sa iyayenmu yin shiru har a sake cutar su.

Mutumin da ya kira Goggo ya sake bugowa sau uku a yammacin nan, ba mu ɗauka ba. Daga ƙarshe ya aiko saƙo, babu "ranki ya daɗe" ko ɗaya a ciki, sai barazanar cewa jami'ai na kan hanya. Ba ta yi barcin kirki ba a daren. Da safe muka nemo wata tsohuwar wasiƙar hukumar a cikin takardunta, muka buga lambar da ke jiki, aka duba aka ce babu wata matsala a sunanta. Na rubuta mata lambar banki da tawa a ɗan guntun takarda, ta sa a bayan rigar wayarta. Bayan sati biyu ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, sun sake bugowa. Na ce masa na gode, na kashe. Ka duba mini ko na yi daidai."