Yadda za ka gane duƙushi mai tangaɗi da abin da za ka yi mai

Duƙushi ɗan wata 6 zuwa shekara 3, wanda ya yi saurin girma, galibi namiji, sai ka ga shina tafiya kamar wanda ya sha ya bugu, ƙafafun baya suna harɗewa, in ya zo juyawa gindi ya tafi gefe ɗaya. Nan Sakkwato wani zai ce kofato ne, wani ya ce lalaci ne a sa mai bulala, wani kuma ya ce iska ce. Alhali sau da yawa abin a wuya yake. Ƙasusuwan wuyan doki guda 7 ne kuma laka, wato babbar jijiyar da ta taho daga ƙwaƙwalwa, ta ramin da ke cikinsu ta bi, to in ramin ya matse sai laka ta danne, doki ya daina sanin inda ya aje ƙafarshi. Turawa wobla suke ce ma cutar.

Abu na farko ka sauke sirdi. Kar kowa ya sake hawa, ko yaron barga da zai kai shi shan ruwa, don dokin ga zai iya faɗuwa da mutum ba shiri.

Sannan ka auna zafin jikinshi ta dubura. Lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. Mai matsewar wuya ba ya zazzaɓi, shina cin abinci sosai, idonshi garau, ƙafa ce kawai ta ƙi. In ko akwai zazzaɓi, ko wasu dawakin bargar su ma sun fara, ko fitsari na ɗiga, ko halinshi ya sake ya fara cizo da dalala, to wata magana ce daban, ka ware shi ka kira likita ranar. Kuma kar ka kuskura ka sa hannu a bakinshi, haukan kare na kama doki. Ka duba abincin ma, masara mai fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, kiwo cikin ɗanyar dawa kuma ya kan kawo tangaɗi haɗe da ɗigar fitsari.

Yanzu gwaji, kuma nan ne aikin yake. Ku zama ku biyu a fili mai yashi, ba kan siminti ba. Ɗaya ya ja ragama a miƙe, kai ka bi ta gefe ka kama wutsiya, daidai lokacin da ƙafar bayan da ke ɓangarenka ta taka ƙasa sai ka ja shi wajenka. Lafiyayye zai turje har ka ji kamar kana jan bango, mai cutar kuwa sai ya biyo ka cikin sauƙi. Ka yi haka dama da hagu. Daga nan a juya shi a ƙaramin da'ira, ka lura ko ƙafar waje tana yin wani babban zagaye kafin ta sauka ko shina taka ƙafarshi da kanshi. A mai da shi da baya, za ka ga ya ja ƙafa ko ya nemi zama. A ɗaga kanshi sama a tafi da shi, a sauko da shi gangare, duk tangaɗin da ya ɓoye zai fito. Ka ɗaga kofaton baya ka duba gabanshi, in ya side kamar an goga da dutse to ya daɗe shina jan shi. Ka ɗauki bidiyo da waya, wallahi ya fi dogon bayani amfani gaban likita.

Likitoci suna ba abin maki daga 0 zuwa 5, 1 sai gwani zai gani, 3 kowa ya gani, 4 shina faɗuwa, 5 ya kwanta ba tashi. Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ka kira likitan dabbobi ya zo gida in tafiyar za ta wahalar da shi. Hoton ƙashin wuya ne ke nuna ko ramin ya matse, tabbaci kuma sai an zuba wani ruwa da ke fitowa a hoto a kewayen laka an sake ɗauka.

Magani kashi biyu ne. Allurar rage kumburi irin su fenilbutazon ko deksametazon tana sa ya ji dama, amma ba ta buɗe ƙashi, kuma likita ne zai faɗi yawanta, don fenilbutazon in ya yi yawa yana cin ciki da ƙoda. Ɗaya kashin shi ne wanda masu doki ba su son ji, wato a rage abinci. Mu nan so muke doki ya yi ɓul-ɓul kafin hawan sallah, a yi ta ɗura mai gero da dawa da dusa, to wannan saurin girman na cikin abin da ke jawo matsalar, ga dusa zalla kuma tana ɓata ƙashi. A janye hatsi, a bar shi da ciyawa mai kyau da ruwa da gishirin lasa, harawa kaɗan, a ƙara bitamin E in likita ya ce. A aje shi a ɗaki mai yashi shi kaɗai na watanni, ba sukuwa ba wasa da sauran, kuma ba ɗaurin turke da gajeriyar igiya da zai riƙa fizgar wuya ba. Wannan tsarin ya fi aiki ga wanda bai cika shekara ba, in ƙashi ya riga ya ƙosa samun sauƙin kaɗan ne.

A Amurka da Ingila ana yin tiyata a haɗe ƙasusuwa biyun da ke wurin matsewar su daina motsi, kuɗi ne masu yawa kuma ko ta yi kyau maki 1 ko 2 ya kan ragu. Duk wata ka sake gwajin wutsiya da da'ira ka ɗau sabon bidiyo ka gwama da na baya. Wanda ya tsaya a 3 ko ya haura, ba na hawa ba ne kuma, kar a sa shi barbara tunda ana zargin akwai gado a ciki, in kuma za ka sayar ka gaya ma mai saye gaskiyar abin da ke wuyanshi.