Yadda ake haɗa soson folima mai ramuka don renon ƙwayoyin halitta

Hanyar gishiri tsohuwa ce, tun 1994 Antonios Mikos da Robert Langer da abokan aikinsu suka wallafa ta, kuma har yau da wuya a sami wadda ta fi ta arha. Ka cakuɗa folima (wani abu mai kama da roba) da gishiri, ya bushe, ka wanke gishirin, sai ya zama kamar soso. Gurbin da kowace ƙwayar gishiri ta bari shi ne ramin da ƙwayoyin halitta za su zauna kafin folimar ta narke a jiki.

Fara da tankaɗe, domin girman gishiri shi ne girman rami. In ƙwayoyin halittar ƙashi za ka rena, ɗauki abin da ya tsaya tsakanin rariyar maikiromita 250 da ta 425 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya). Kada ka taɓa gishirin girki don ragin kuɗi, akwai aidin da maganin hana dunƙulewa a ciki.

Narkar da giram 1 na PLGA, wato nau'in folimar da za mu yi aiki da ita, a mililita 10 na kulorofom, sinadarin da ke narkar da ita, cikin akwatin zuƙe tururi, ka zuba gishiri giram 9. In gishirin ya gaza kashi 70 cikin ɗari na nauyi, folima za ta lulluɓe shi, ramukan ba za su haɗu ba. Juye a faranti na Teflon, robar da abu ba ya manne mata, kaurin kada ya wuce milimita 3. Rufe shi sama-sama, ka ba shi awa 48. Masu gaggawa kan bar shi a buɗe, sai samansa ya yi fata mai santsi da ba ruwan da zai ratsa. In ta fito, kankare ta da reza. Daga nan awa 24 a injin zuƙe iska, ragowar kulorofom ya fita.

Wanki ne inda sababbin hannu suka fi faɗuwa. Su jefa soson a ruwa, su ga yana iyo, washegari su ce ya yi. Bai yi ba. Folimar ba ta son ruwa, dole ka danne ta da raga ta nutse. Tataccen ruwa, mai yawa, a canza duk awa 6 har kwana biyu. Kuma ban yarda da ido ba: ɗebo ruwan wankin ƙarshe ka ɗiga masa silba naitiret, sinadarin gwajin gishiri. In ya yi fari-fari, da sauran gishiri, koma. Ko ya fita tas, tsaga soso guda ɗaya ka duba tsakiyarsa, can gishiri ke maƙalewa, ya kashe maka ƙwayoyin halitta ka yi ta zargin ruwan renonsu. Kada ka sa ruwan zafi wai don ya yi sauri. PLGA kan fara laushi tun wajen digiri 45, ramukan su rufta.

Sai busarwa da kashe ƙwayoyin cuta. Tukunyar turara kayan asibiti tana kai digiri 121, za ta narkar da aikin gaba ɗaya. Jiƙa soson a itanol (wato alkohol) mai kashi 70, ka ɗauraye da ruwan PBS, ruwan da ake wanke ƙwayoyin halitta da shi, sau da yawa. Wanda ba za ka yi aiki da shi nan kusa ba, ajiye shi a bushe cikin sanyi, don danshi kaɗai ya isa ya fara cin folimar.