Gishirin Titi da Kekenka: Ga Sababbin Zuwa Holan

Wanda ya sauka Holan, kafin ya gama sanin unguwarsa zai sayi keke, galibi na hannu, don ƙasa ce da kekuna suka fi mutane yawa. Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, a gida ƙura ce ke kashe keke, a nan kuwa gishiri. Da sanyi ya kai ga daskarar da ruwa, motocin hukuma kan watsa gishiri a tituna har da hanyoyin keke, taya kuma ta kwaso shi ta fesa wa rim da birki da feda.

Mun saba da jar tsatsa, shi ya sa ake yaudararmu. Alminiyum, wanda ake yin wasu sassan keke da shi, ba ya yin ja. Fari-fari yake yi kamar an barbaɗa toka, idan ka goge ka tarar da ƙananan ramuka a ƙasa. Ni ma hunturuna na farko na ɗauka datti ne. Da bazara ta zo na so ɗaga sirdi, sandar ta ce ba ta san zancen ba. Ita alminiyum, jikin keken ƙarfe, ruwan gishiri ya shiga tsakani ya ɗaura musu aure. Mai gyara ya sha gumi, aljihuna ya sha kuka.

To, ka zare sandar sirdinka tun yau, ka shafa mata giris ka mayar. Haka ma wurin da ake murɗa feda da notuna. Inda ya riga ya yi fari, wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka bi da lemon tsami a tsumma, ka ɗauraye, ka busar, sannan ka shafa ɗan giris. Kada ka taɓa shi da soson ƙarfe, yana barin ɓurɓushin da zai yi tsatsa. Soda mai ƙuna kuwa cinye alminiyum take yi. Kuma gefen rim inda birki ke kamawa, ko ɗigon mai kada ya je wurin.

In ka ga tsaga a gindin wayoyin rim, wannan ya wuce goge-goge, sai canji. Kafin ka kai shago, nemi Repair Café na unguwarku. A Amsterdam aka faro shi a 2009, masu sa kai ne ke taya ka gyara, abin da ka ga dama ka jefa a asusu.