Daga Tambayar Farko Zuwa Baftisma: Yadda Ake Tafiya da Mai Neman Bin Almasihu

Bishara ta fi saurin shiga zuciya idan ta fito daga bakin wanda aka sani: maƙwabci, abokin kasuwa, ko wadda ake layin famfo tare da ita. Shi ya sa aikin nan ba na fasto da mai bishara kaɗai ba ne. Abin da ya fi ɓata shi a hannunmu kuwa garaje ne. Mukan so yau mutum ya ji, gobe ya tuba, jibi a kai shi ruwa a yi masa baftisma.

Ka fara da shirya shaidarka. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Wato tambaya ce ke buɗe ƙofa. Shaidar kada ta wuce minti uku, ka kasa ta uku: yadda kake a da, yadda ka sadu da Yesu, da abin da ya sauya. Ka faɗi takamaiman abu, kamar fushin da ya ragu ko tsoron mutuwa da ya kau. Kada ka ƙara gishiri. Wanda kuke unguwa ɗaya da shi ya san halinka, idan ya kama ka da ƙari sau ɗaya, sauran maganar ta zube.

Namiji ya zauna da namiji, mace da mace. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, ba a zama da shi a ɓoye ba da sanin iyayensa ba.

Idan mutum ya nuna yana son ƙarin bayani, ku buɗe Littafi Mai Tsarki tare, kada kai kaɗai ka yi ta zuba. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, yanzu kuma akwai fassarori masu sauƙin harshe, da na sauraro a waya domin wanda bai iya boko ba. Littafin Markus ya fi dacewa da farawa, domin gajere ne, sura 16 kacal. Sura ɗaya a kowane zama, zama biyu a mako, cikin wata biyu kun gama. Bayan kowace sura ka yi tambaya uku: me wannan ya nuna game da Yesu, me ya nuna game da mutum, me ya ɗaure maka kai? Sa'an nan ka yi shiru ka saurara. In ya tambayi abin da ya fi ƙarfinka, ka ce za ka bincika wajen dattawa, kuma ka koma masa da amsa. Bayan Markus sai Luka, sai Ayyukan Manzanni.

Akwai kalmomin da ke jawo tuntuɓe. "Ɗan Allah" ce babba. Mai sauraro yakan ɗauka ana nufin Allah ya yi aure ya haifu, alhali babu ikkilisiyar da ke koyar da haka. Ka warware wannan tun farko, ka kai shi Luka sura 1, inda mala'ika Jibra'ilu ya yi wa Maryamu bayani. Kuma ko kusa kada ka taɓa addinin da mutum ya tashi a ciki da baƙar magana, ko annabinsa, ko littafinsa, ko iyayensa. Rashin ladabi ne, yana rufe kunne, a wurare da dama kuma yana jefa rayukan mutane cikin haɗari, har da waɗanda ba su san an yi ba.

Kuɗi ma tarko ne. Ka taimaki mabukaci domin yana da bukata, amma kada ka ɗaura taimakon a kan tuba. Wanda ya shigo domin kuɗin makaranta, aiki ko aure, ranar da abin ya yanke zai koma, kai kuma ka jawo wa ikkilisiya zargin sayen mutane.

Ranar da ya ce yana so ya bi, kada murna ta sa ka ɓoye masa gaskiya. Yesu da kansa, a Luka 14, ya kawo misalin mai ginin da ke fara zama ya yi lissafi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini, amma takarda ba ta hana dangi juya baya. Ku zauna ku duba: ina zai kwana idan an kore shi, da me zai ci abinci, ina makomar aurensa, 'ya'yansa da gādonsa? In ya tsaya a kan bakarsa, ku karanta Romawa 10:9, ya yi addu'ar tuba da bakinsa, da kalmominsa. Maimaita addu'ar da aka haddace masa ba tare da ya gane ta ba ba ya kai ko'ina.

Labarin tubarsa nasa ne. Shi zai zaɓi wanda zai gaya wa da ranar da zai faɗa. Kada a ɗauki hotonsa a sa a Facebook ko WhatsApp, kada a tsayar da shi gaban jama'a ranar Lahadi ba da yardarsa ba. Ba dole ba ne ya sake suna, ya yar da babbar rigarsa, ko ya daina zuwa gaida iyayensa. Bahaushe Kirista Bahaushe ne, mutanen Wusasa kusa da Zariya da na Tsibiri kusa da Maraɗi sun daɗe da nuna haka.

Daga nan sai ka haɗa shi da fasto da dattijo ɗaya amintacce, ya shiga ajin baftisma. Ajin yakan ɗauki watanni, gwargwadon tsarin kowace ikkilisiya. Ikkilisiyoyin ECWA da Baptist nutsarwa suke yi cikin ruwa, Katolika da Anglican galibi zuba ruwa suke yi a ka, duka cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Mai mata fiye da ɗaya ya faɗa wa fasto tun ranar farko, domin ikkilisiyoyi sun bambanta a kan wannan, bai kamata ya tsinci labarin ana saura mako guda baftisma ba.

Bayan an fito daga ruwa ne aka fi yin sakaci. Taro ya watse, wanda ya rasa danginsa ya koma ɗaki shi kaɗai. Ku ci gaba da zaman karatun nan sau ɗaya a mako har shekara, a sa mace cikin Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, a nema wa wanda ya rasa sana'a abin yi, a kuma tabbata akwai gidan da zai ci tuwon Kirsimeti da na Ista.