Siram ko man fuska? Kurakuran da nake yawan gani a Kano

Cikin hunturun da ya wuce ƙanwata ta shigo ɗakina, fuskarta ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka, gefen hancinta yana ɓarewa. Ta miƙo min wata 'yar kwalba mai bakin ɗigawa ta ce, "Yaya, kuɗi na zuba a wannan siram ɗin, amma kullum ƙara bushewa nake yi." Na ce me kike shafawa a kansa? Ta ce ba komai, ai mai shagon a Sabon Gari ya ce mata siram ya fi mai.

Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi damuna. Siram ruwa-ruwa ne, ɗigo biyu ko uku ake sawa, an tattara sinadari a cikinsa saboda wata matsala takamaimai: tabon ƙuraje, dusashewar fuska, ko layukan tsufa. Man fuska kuwa shi ke tsare danshin fata kada ya ƙafe. Wanda ƙanwata ta saya na hayaluronik asid ne, sinadarin da aikinsa jawo ruwa. A Legas da iska ke cike da laima yana samun abin ja. A Kano kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar a bushe take ƙamas, sai ya jawo daga cikin fatar, iska ta kwashe. Gyaran ba wuya: ki shafa shi da sauran lema a fuskarki, ki jira kamar minti ɗaya, sannan ki rufe da mai. In kuɗinki na abu ɗaya ne, man za ki saya, siram ya jira.

Masu maiƙon fuska su kuma gudun mai suke yi gaba ɗaya. A dirje fuska da sabulu mai ƙarfi sau uku a rana, a bar ta haka, kafin azahar goshi ya dawo yana ƙyalli, ga ƙaiƙayi a kumatu. Maiƙo daban, danshi daban. Ki nemi mai marar nauyi, irin mai kama da jel, wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofofin fata. In za ki ƙara siram, na niyasinamaid ko salisilik asid ya fi dacewa da ke. Man kaɗe da basilin alheri ne ga busasshiyar fata, ga leɓe, ga diddige mai faso, amma man kwakwa a fuska mai ƙuraje ban taɓa ba wa kowa shawararsa ba. Wadda goshinta da hancinta ke maiƙo, kumatu a bushe, ta yawaita man a kumatu ta rage a tsakiya.

Akwai abin da kwalaben nan ba sa lissafawa: mu muna wanke fuska a alwala sau biyar a rana. Man da kika shafa da safe ya tafi tun azahar. Ni 'yar ƙaramar roba nake sawa a jaka, in na idar da salla in ɗan shafa. Siram ba a maimaita shi haka, sau ɗaya ko biyu ya wadatar. Kuma man hunturu ba shi ne na bazara ba. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, mai kauri a ƙarƙashin niƙabi ƙuraje zai tara miki.

Sai gaggawa, musamman ga amare. Saura sati biyu biki a sayo siram uku a haɗa su dare ɗaya, ga dilka ga halawa. Siram na gaskiya sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa. Ɗaya ake farawa da shi, a gwada a bayan kunne kwana biyu tukuna. Retinol, sinadarin da ke rage layukan tsufa da tabo, da dare ake shafa shi, sau biyu a mako da farko, kuma mai juna biyu ba ta amfani da shi sam. Da rana ki sa man kariya daga rana mai SPF 30 (lambar ƙarfin kariyarsa ke nan), in ba haka ba tabon da kike kora ƙara duhu zai yi. Siram na bitamin C zafi da haske ke lalata shi. In kin ga ya koma ruwan ƙasa, ya tashi aiki, don haka kada ki karɓi kwalbar da ta wuni a rana a bakin shago.

Abin da ke tsorata ni shi ne haɗin da ake ɗurawa a kwalba babu suna, babu jerin sinadarai, babu lambar NAFDAC, a ce miki siram ɗin haske ne. Duk abin da ya sa fuska ta yi fari cikin 'yan kwanaki, ki zargi sinadarai masu illa ga fata irin su hayidrokwinon, sitiroyid ko zaiba a cikinsa. Alamunsa kin san su: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, fata ta yi sirara har jijiyoyi na bayyana, fuska ta riƙa zafi in an shiga rana. In kin daɗe a kansa, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitan fata, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani wajen, domin mai sitiroyid in aka yanke shi kwatsam fuska kan rikice da ja da ƙuraje, likita ne zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.