Yadda za ka nemi lardi ya zaɓe ka zuwa Kanada

Ma'aikatan jinya, masu walda, injiniyoyi da 'yan harkar kwamfuta da ke ta tambayar hanyar komawa Kanada da aiki a nan Abuja, don Allah ku daina zuba ido kan Express Entry kaɗai, wato tsarin gwamnatin tarayyar Kanada na zaɓen ma'aikata ta hanyar maki, makin can yakan yi sama sosai, ga shi da ka kai shekara 30 makin shekaru ya fara zubewa. Akwai ƙofar larduna da ake kira PNP, lardin ne da kansa zai ga yana buƙatar sana'arka ya zaɓe ka, in kuma ta cikin Express Entry ne, maki 600 ake ƙara maka, kusan magana ta ƙare ke nan.

Fara da takardu. A jarrabawar Turanci ta IELTS, General za ka rubuta ba Academic ba, nan mutane ke asarar kuɗi, kuma shekara 2 kawai sakamakon ke aiki. Sai tantance digiri a hukumomi irin su WES, makarantarku ce za ta tura musu sakamakonka kai tsaye, to ka fara bibiya tun yau don shi ke cin lokaci.

Inda nake so ka nutsu shi ne wasiƙar wurin aiki. Wadda ofishin kula da ma'aikata (HR) ke bayarwa mai layi biyu, "wane ma'aikacinmu ne mai ƙwazo", wallahi ba ta isa ba. Dole a rubuta ranar da ka fara, awa nawa kake yi a sati, albashi, da ayyukan da kake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma su dace da lambar NOC ɗin da ka zaɓa, wato lambar sana'arka a jerin sana'o'in Kanada, don aikin suke dubawa ba sunan muƙami ba.

Daga nan ka shiga shafin kowane lardi da kanka. Saskatchewan, Alberta, Nova Scotia kowa da sharuɗɗansa, Manitoba ta fi son mai ɗan'uwa ko aboki a can, Quebec kuwa tsarinta daban. A 2025 an rage guraben PNP da rabi, shi ya sa ƙofa kan buɗe yau ta rufe jibi, takardunka su zauna a shirye.

Duk ejan da ya ce ka kawo miliyoyi yana da "silot", wato gurbi, nemi lambar lasisinsa ka duba a shafin CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawarar shige da fice lasisi a Kanada. Takardar bogi kuma haramcin shekara 5 take jawowa, kai za a hukunta. Lardin da ya zaɓe ka ma za ka sa hannu cewa can za ka zauna, kar ka cike Saskatchewan alhali zuciyarka na Toronto.